Daga Cernobil zuwa Magariya: Gādon Haɗarin Nukiliya a Ƙasar Yuraniyom

Tun daga shekarar 2016 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 26 ga watan Afrilu domin tunawa da haɗarin tashar nukiliya ta Cernobil. A gundumomin Magariya da Dungas ranar tana faɗowa ne a tsakiyar bazara, lokacin sharar gona da kai taki, hankalin kowa yana kan ruwan shuka. Duk da haka batun ya shafi mutanen yankin fiye da yadda ake zato. A watan Yunin 2025 gwamnatin Nijar ta mayar da kamfanin haƙar yuraniyom na Somaïr da ke Arlit mallakin ƙasa. A ƙarshen watan Yuli kuma ta sa hannu da Rasha kan takardar fahimtar juna game da makamashin nukiliya, har da batun gina tasha. Ƙasar da ta fi shekara hamsin tana haƙo yuraniyom tana sayarwa ta fara tunanin ƙona shi a gida. Ya dace ke nan a auna abin da manyan haɗurran baya suka jawo mata, da abin da ke tura ta kan wannan hanya yanzu.

Abin da ya faru a 1986

Da misalin ƙarfe 1:23 na daren 26 ga Afrilun 1986, tukunya ta huɗu ta tashar Cernobil, a Yukren ta zamanin Tarayyar Sobiyet, ta fashe ana cikin wani gwaji. An samu kuskuren ma'aikata, an kuma samu aibu a ƙirar tukunyar kanta, aibun da manya suka sani amma ba su bayyana wa masu aiki da ita ba. Mutum biyu sun mutu a daren. Ma'aikata da masu kashe gobara 134 sun kamu da ciwon tururin nukiliya mai tsanani, 28 daga cikinsu suka rasu cikin ƴan watanni.

Garin Pripyat, mai mutum kusan 49,000, yana da nisan kilomita 3 kawai daga tashar, amma sai da aka yi awa 36 kafin a kwashe mazaunansa. Duniya ma ta ji labarin ne daga Suwidin, inda na'urorin tashar Forsmark suka gano tururin ranar 28 ga wata. Shugaba Gorbachev bai yi wa jama'arsa jawabi ba sai 14 ga Mayu.

Wannan ɓoye-ɓoye ya yi ɓarna mai yawa, kuma ta hanyar abinci ɓarnar ta bi. Ƙura mai guba ta sauka a kan ciyawa, shanu suka ci, aka tatsi nono aka ba yara, gubar ta taru a maƙogwaronsu. Ya zuwa 2005 an ƙirga fiye da mutum 6,000 da suka kamu da kansar maƙogwaro cikin waɗanda suke yara a lokacin, a Belarus da Yukren da Rasha. Da an sanar da ƙauyuka tun ranar farko cewa a daina shan nonon yankin, da yawancinsu sun tsira daga cutar. An tashi mutum 116,000 a shekarar farko, daga baya adadin ya kai wajen 350,000. A yankin Wales na Birtaniya, mai nisan fiye da kilomita 2,000, sai a 2012 aka ɗage takunkumin da aka sa wa tumakin wasu makiyaya.

Manomin Gushi ko na Sasumburum zai fi gane girman abin idan aka auna masa da gona. Yankin da aka killace a Yukren ya kai murabba'in kilomita 2,600. Ƙidayar 2012 ta ba Magariya da Dungas mutum fiye da 900,000, wato sama da mutum 100 a kowane murabba'in kilomita. Fili mai wannan girma a ƙasa mai irin wannan cunkoso yana nufin raba fiye da mutum dubu ɗari biyu da hamsin da gonakinsu da rijiyoyinsu da kushewun iyayensu.

Daga gyaɗa zuwa yuraniyom

Tururin Cernobil bai iso Damagaram ba, amma faɗuwar kasuwar yuraniyom da ta biyo baya ta iso. Kafin yuraniyom, gyaɗa ce ke riƙe da Nijar, kuma Magariya tana cikin zuciyar wannan noma. Kamfanin SONARA ne ke sayen ta, akwai kuma masana'antun man gyaɗa a Magariya da Matamaye. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 suka karya wannan arziki, daidai lokacin da Somaïr ya fara fitar da yuraniyom a 1971, Cominak kuma a 1978. Farashin yuraniyom ya haura dala 40 a kowane fam, gwamnatin Seyni Kountché ta sassauta wa talaka haraji, ta shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Arlit, ta yi manyan gine-gine a Yamai, ta kuma ci bashi tana dogaro da cewa kasuwar za ta ɗore.

Kasuwar ba ta ɗore ba, kuma rashin adalci ne a ɗora wa Cernobil laifin duka. Farashi ya fara zamewa tun bayan haɗarin Three Mile Island na Amurka a 1979, ga shi kuma an haƙo fiye da abin da duniya ke bukata. Tun 1983 Nijar ta riga ta nufi asusun ba da lamuni na duniya. Abin da Cernobil ya yi shi ne ya toshe hanyar farfaɗowa: Italiya ta rufe tashoshinta bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1987, ƙasashe da dama suka jingine sababbin ayyuka. Da yaƙin cacar baka ya ƙare, yuraniyom na makaman Rasha ya kwararo kasuwa. A shekarar 2000 fam ɗaya ya sauko wajen dala 7. A Nijar waɗannan su ne shekarun tsuke bakin aljihu da bashin albashin malaman makaranta da ma'aikatan lafiya. Yankin da ya riga ya rasa gyaɗarsa ya tarar da baitulmali babu abin da zai ba shi.

Fukushima ta maimaita darasin

A 2007 farashi ya yi tashin gwauron zabo har ya wuce dala 130. A Janairun 2009 aka ba kamfanin Areva na Faransa izinin haƙar yuraniyom a Imouraren, inda aka yi alkawarin tan 5,000 a shekara. Sai ga girgizar ƙasa da ambaliyar teku a Japan ranar 11 ga Maris 2011, tukwane uku na tashar Fukushima suka narke, aka kwashe fiye da mutum 150,000. Japan ta tsayar da tukwanenta duka, Jamus ta yanke shawarar fita daga harkar, ta kuma rufe tashoshinta uku na ƙarshe a Afrilun 2023. Farashin da yake wajen dala 70 kafin haɗarin ya faɗi ƙasa da dala 20 a ƙarshen 2016.

Nijar ta ji a jikinta. An dakatar da aikin Imouraren a 2014, mahaƙar Azelik ta ƴan Sin ta tsaya, Cominak ya rufe ranar 31 ga Maris 2021, ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki ban da na ƴan kwangila. Abin da ƙasar ke haƙowa ya sauko daga sama da tan 4,000 a 2012 zuwa wajen tan 2,000 a 2022. Arlit kuwa ba baƙon gari ba ne ga mutanen kudancin Damagaram. Can ƴan ci-rani da yawa ke zuwa dako da ƙwadago da ƙaramin kasuwanci, can kuma hanyar Aljeriya ta bi. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada arewa da garin, akasarinsu mata da yara daga gundumar Kance, maƙwabciyar Magariya. Duk ranar da kuɗi ya janye daga Arlit, aiken da ke isowa gidaje a kudu ma raguwa yake yi.

Dattin da ke gida

Nijar ba ta taɓa samun fashewar tukunya ba, amma tana da nata gādon. Cominak ya bar tarin dattin ma'adini mai tururi da ya kai tan miliyan 20 a kusa da garin Akokan, a yankin Arlit. Kamfanin Orano, wanda ya gaji Areva, ya ce zai lulluɓe shi da yumɓu da duwatsu masu kaurin mita biyu. Ƙungiyar Aghirin'man ta Almoustapha Alhacen da cibiyar bincike ta CRIIRAD ta Faransa sun daɗe suna kuka kan ƙura da ruwan ƙasa. Rahoton Greenpeace na 2010 ya ce a cikin samfurin ruwa biyar da aka ɗiba a yankin, huɗu sun wuce ma'aunin yuraniyom da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Masu binciken sun kuma tarar da tsofaffin ƙarafan mahaƙa masu tururi ana sayarwa a kasuwa, irin waɗanda talaka ke saya ya yi rufi ko kayan aikin gida. Kamfanin ya musanta cewa ayyukansa na cutar da jama'a.

Yanzu da Orano da gwamnati suke shari'a kan mahaƙun yuraniyom, tambayar da ta fi nauyi ita ce wa zai biya kuɗin lura da wannan datti, wanda gubarsa za ta wuce rayuwar kowane kamfani da kowace gwamnati. A Cernobil, rumfar ƙarfen da aka tura bisa tukunyar a 2016 ta ci kusan yuro biliyan ɗaya da rabi, kuma jirgi maras matuƙi ya huda ta a Fabrairun 2025. Bayan kusan shekara arba'in ana nan ana kashe kuɗi.

Me ke jawo hankali zuwa nukiliya yanzu?

Dalili na farko duhu ne. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a Nijar, a karkara kuma abin ya fi haka muni. Kafin juyin mulkin Yulin 2023 wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar daga Najeriya take zuwa, kuma Maraɗi da Damagaram sun dogara da layin da ya taso daga Katsina. Da takunkumin CEDEAO ya sa aka yanke wutar a watan Agusta na shekarar, mai walda da mai niƙa da mai sayar da ƙanƙara duk sun ɗanɗana kuɗarsu. Dalili na biyu ɗaci ne na tarihi: yuraniyom na Nijar ya taimaka wajen haskaka Faransa, a 2022 ma shi ne kusan rubu'in abin da Tarayyar Turai ta sayo, alhali mai kayan yana kwana da fitilar hannu. Na uku, iska ta juya a duniya. A taron sauyin yanayi na Dubai a 2023 ƙasashe fiye da ashirin sun yi alkawarin ninka wutar nukiliya sau uku kafin 2050, farashi kuma ya haura dala 100 a Janairun 2024. Na huɗu siyasa ce, domin kamfanin Rosatom na Rasha yana neman kasuwa a Sahel, ya riga ya ƙulla irin wannan takarda da Burkina Faso a 2023.

Waɗannan dalilai suna da ƙarfi, kuma masu goyon baya suna da gaskiya idan suka ce tukwanen yau sun fi na Cernobil aminci nesa ba kusa ba. Sai dai lissafin yana da wani ɓangare. Tashar El Dabaa da Rosatom ke gina wa Masar za ta ci wajen dala biliyan 30, adadin da ya fi abin da tattalin arzikin Nijar ke samarwa a shekara. Tukunya ɗaya daga cikin huɗunta tana ba da megawat 1,200, fiye da duk wutar da Nijar ke sha. Tasha tana bukatar ruwan sanyaya mai yawa, da tsaro na dindindin, da injiniyoyi ɗaruruwa. Mallakar ma'adini kuma ba ta ba ƙasa makamashin tukunya, domin sai an kai shi waje an tace an inganta an dawo da shi da tsada. A duk nahiyar Afirka tasha ɗaya ce ke aiki, ta Koeberg a Afirka ta Kudu. A ƙasar Hausa abin da ake da shi shi ne ƙaramar tukunyar bincike mai kilowat 30 a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda ta fara aiki a 2004, kuma nan ne ya kamata ɗaliban Jami'ar Damagaram su fara koyo.

Abin da ya fi kusa da bukata

A fadamun Korama, wajen Bande da Wacha, ruwa yana kusa da sama. Mai lambu yakan haƙa ƴar rijiya ya ja ruwa ya shayar da rake da kabeji da tattasai, abin da ke cin ribarsa shi ne kuɗin man injin ban-ruwa. Famfo mai aiki da hasken rana zai sauya masa lissafi cikin rani ɗaya. Asibitin Magariya, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke kula da yara tun 2005, wuta yake so wadda ba ta ɗaukewa lokacin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa suka cika gadaje. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30, da aka kammala a 2023, ta nuna ana iya yin irin wannan aiki cikin ƴan shekaru, yayin da tashar nukiliya kan ci shekara goma zuwa goma sha biyar.

Babu laifi Nijar ta yi dogon buri, amma akwai abin da ya kamata ya riga. A fara da auna ruwa da iskar Arlit ana bayyana sakamakon a rediyo da Hausa da Tamashek. A ba hukumar sa ido kan nukiliya ikon tsayar da aiki ko da gwamnati ce ke yin sa. A ware wani kaso na kuɗin yuraniyom domin ranar da farashi zai sake faɗuwa, tunda sau biyu ke nan ana gani. Wakilan Magariya da Dungas da sarakunansu da malamansu su nemi a fayyace musu abin da aka sa wa hannu, da bashin da zai biyo baya, domin ƴaƴansu ne za su biya. Hukumar da ba ta iya faɗa wa jama'a gaskiya kan dattin Akokan ba, bai kamata a damƙa mata tukunyar nukiliya ba.