Gaskiya ko Jita-jita: Abin da Ake Faɗa Kan Duba Shaguna a Maiduguri

Cikin ƙasa da shekara biyu kasuwancin Maiduguri ya sha wuta ya sha ruwa. Ranar 26 ga Fabrairun 2023 gobara ta cinye Kasuwar Monday, sannan ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga kasuwar da unguwar Gwange da wajen Post Office da Asibitin Koyarwa. Tun daga nan duk mai son sayen shago, ko kama haya, ko jinginar da filaza a banki, ya kamata ya kira wanda zai duba masa gini. Galibi wanda ofishin masu duba gini ke fara turowa matashi ne ɗan koyo, da tef ɗin awo da littafi a hannu. Akwai maganganu da ke yawo a kan aikinsa waɗanda ya dace a tace.

Wasu na cewa safiyo safiyo ne, wanda ya auna fili shi zai faɗi kuɗin gini. Wannan jita-jita ce. Mai awon ƙasa, wanda ke kafa alamun iyaka, hukumar SURCON ce ke yi masa rajista. Mai kimanta darajar kadara kuwa yana ƙarƙashin ESVARBON, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 24 ta 1975, ƙungiyar masu wannan sana'a kuma ita ce NIESV da ta samo asali tun 1969. Hukunci kan ƙarfin ginshiƙi da harsashi aikin injiniya ne mai rajistar COREN.

Haka ma batun cewa yaron da ya zo dubawa zai iya buga maka rahoto a ɓoye, a kuɗi kaɗan, jita-jita ce. Ɗan koyo yana aunawa, yana ɗaukar hoto, yana rubuta abin da ya gani, ya kai wa ogansa. Sa hannu da hatimi na mai rajista ne kaɗai, kuma takardar da ba su a kanta banki ba zai karɓa ba. Wanda ya ja yaro gefe don a yi masa araha ya yi asarar kuɗinsa, ya kuma jefa makomar yaron cikin haɗari.

Maganar da ta fi damuna ita ce wadda dillalai ke yawan maimaitawa: «Alhaji, ai ruwa ya janye tuni, ga shi an yi fenti, ginin lafiya lau.» Ruwa ya janye, wannan gaskiya ne. Lafiyar ginin kuwa sai an bincika. Bulo mai rami yana riƙe ruwa da laka a cikinsa bayan fuskar bango ta bushe. Danshin nan yakan fito a hankali, ya bar farin gari kamar kanwa a gindin bango, fenti ya kumbura, filasta ta saki. In ya kai ga rodi sai ya yi tsatsa, tsatsa kuma kumbura take yi har ta fasa kankare daga ciki. Shi ya sa za ka ga ɗan koyon da aka horar da kyau yana ƙwanƙwasa bango yana saurare, don filastar da ta rabu da bulo ƙarar fanko take yi. Yana leƙa bayan kanta da ƙarƙashin matattakala, inda mai fenti bai cika kaiwa ba, don ya ga layin da ruwa ya bari. Yana duba ko an sauya soket da wayoyin da suka nutse, ko daɓe ya lotsa, ko sokawe ya rufta, ko ƙofar ƙarfe ta daina shiga mazauninta. Siririyar tsaga a filasta ba abin tashin hankali ba ce. Amma wadda ta taso a karkace daga kusurwar taga, tana faɗi a gefe ɗaya, tana iya nuna harsashi ya motsa, kuma a nan aikin yaro shi ne ya rubuta a kira injiniya. Ni a ganina tambayar farko a kowane shago kusa da kogin Ngadda ita ce: ina ruwa ya kai a 2024? Garin ya ga irin wannan ambaliya a 1994, don haka ba a cewa ba za ta sake ba.

Akwai kuma masu ganin cewa wanda ya daɗe a shago shi ne mai shi. Ba lallai ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna, abin da mutum ke riƙewa haƙƙin zama ne, kuma sayar da shi na buƙatar amincewar gwamna. Takardar rabon rumfa a kasuwar gwamnati daban take da takardar shaidar mallakar fili. A Borno hukumar BOGIS ce ke riƙe da bayanan filaye. Biyan kuɗi kafin a bincika a can cinikin biri a sama ne.

Shin darajar shago ita ce kuɗin simintin da ya ci? A nan akwai ɗan ƙamshin gaskiya, domin idan inshora ake so, kuɗin sake ginawa ake lissafawa. Amma a saye da jingina, hayar da wuri ke kawowa ita ce kan gaba. Shago biyu masu faɗi ɗaya a Titin Baga, ɗaya na kallon kwalta ɗaya na lungu, ba za su zo kuɗi ɗaya ba. Don haka idan yaro ya tambayi nawa ake biya, yaushe haya za ta ƙare, shekara nawa aka karɓa gaba, ba shisshigi yake yi ba, aikinsa ke nan.

'Yan kasuwa, idan ɗan koyo ya zo, ku buɗe masa sito da banɗaki, ku bar shi ya hau ya ga rufi, ku nuna masa rasit da yarjejeniyar haya. Kafin ku biya kuɗin aiki kuma, ku nemi sunan ogan da zai sa hannu da lambar rajistarsa ta ESVARBON.