Faifan Horace Silver da muryar A'isha Falatiya

Ranar 26 ga Oktoban 1964, mutum biyar suka shiga wani ɗakin ɗaukar sauti a garin Englewood Cliffs da ke jihar New Jersey ta Amurka, suka buga wani kiɗa mai tsawon minti bakwai da 'yan daƙiƙoƙi. Yau fiye da shekara 60 ke nan, amma duk mai so zai iya sanin sunan kowannensu: Carmell Jones mai busa ƙaho, Joe Henderson mai saksafon, Teddy Smith da babban gogen nan na tsaye da ake tsinka da yatsa, Roger Humphries a kan ganguna, sai mai gayya mai aiki, Horace Silver, a kan piyano. An san wanda ya ɗauki sautin, an san lambar faifan, 4185. Sunan kiɗan Song for My Father, wato waƙar da ya yi wa mahaifinsa.

Na san wani zai ce, haba Malam, mu da muke fama da hawasha da kuɗin dawa, ina ruwanmu da wani Ba'amurke mai piyano? Ku ɗan yi mini haƙuri. Mahaifin nan da aka yi wa waƙar ɗan ci-rani ne, kamar kakanninmu.

Sunansa John Tavares Silva, mutumin tsibirin Maio ne a Cape Verde, tsibiran nan da ke cikin teku daura da Senegal. Ya tsallaka Amurka yana saurayi, ya zauna a Norwalk, ya yi aikin masana'anta, sunan gidan ma ya rikiɗe daga Silva zuwa Silver. A can aka haifi Horace ranar 2 ga Satumban 1928. Dattijon yana taɓa goge da jita, babu wanda ya koya masa a takarda, da kunne ya ɗauka. In an yi taron gida sai shi da 'yan uwansa su fito da kayan kiɗa su yi ta waƙoƙin tsibiri. Shi kuwa yaro ba ya so. A kunnensa kiɗan tsofaffi ne, kiɗan ƙauye. Da ya girma ya yi suna, uban ya sha roƙonsa ya sa ɗanɗanon kiɗan gida cikin jaz ɗinsa, yana ta kaucewa. Sai da ya je Birazil a 1964, ya ji kiɗansu na bosa-noba, sannan abin ya faɗo masa. Ya dawo ya ɗauki taken ganga irin na Birazil, ya ɗora masa karin murya irin wanda yake ji a gidansu yana yaro. Hoton da ke bangon faifan na uban ne, dattijo zaune da malafa a ka.

Duk wanda ya koyar a makarantun Jazira ko Sinnar ya san yaron nan. Shi ne wanda in kakarsa ta zo bakin makaranta ta kira shi da Hausa yake yin kamar bai ji ba, don kada 'yan aji su ce masa Falati. Ina da irinsa a kowane aji.

Shi wannan salo da Silver ya shahara a kai, hard bop ake ce masa. Kafin shi akwai bibop na su Charlie Parker da Dizzy Gillespie, kiɗa mai gudun tsiya wanda ya fi ƙarfin ƙafar mai rawa. A tsakiyar shekarun 1950 Silver da abokinsa mai ganga Art Blakey suka dawo da abin ƙasa: suka zuba masa bulus da irin amshin da baƙaƙen Amurka ke yi a majami'unsu, ɗaya ya faɗa, sauran su amsa. Blakey ɗin nan, don a sani, ya zo Afirka ta Yamma a ƙarshen shekarun 1940, kuma ya musulunta har ya ɗauki sunan Abdullah Ibn Buhaina. Tare suka kafa ƙungiyar Jazz Messengers, a 1956 suka raba gari, Silver ya bar wa Blakey sunan ya kafa tasa ta mutum biyar.

Ni a kwalejin horon malamai na fara jin sa, a wayar wani abokin karatu. Abin da ya kama ni hannunsa na hagu ne. Ba ya shafa piyano, dukansa yake yi, gurnani ƙasa-ƙasa kamar ana kirɓa sakwara a gida na uku, hannun dama kuma yana jefo gajerun jimloli yana maimaitawa har su zauna maka a ka. Wanda ya saba da amshin mata a wajen daka ba zai ji baƙunta ba. A ganina nan ne gwanintarsa take, ba a gudun yatsa ba; akwai waɗanda suka fi shi wannan. Shi mai tsara kiɗa ne da ke barin ƙofa buɗe don wanda bai san jaz ba ya shigo. Ku nemi Señor Blues na 1956, ko Sister Sadie da Peace da ke faifan Blowin' the Blues Away na 1959, ko The Cape Verdean Blues na 1965, za ku gane nufina.

To amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba daɗin kiɗan ba ne kawai. Yadda aka adana shi ne.

Kusan shekara 28 Silver ya yi da kamfani ɗaya, Blue Note, daga 1952. Wanda ya kafa kamfanin a 1939, Alfred Lion, shi ma baƙo ne, Bayahuden Jamus da ya baro ƙasarsa. Mutum ne mai tsantseni: yakan biya makaɗa kuɗin gwaji kafin ranar ɗauka, abin da yawancin ƙananan kamfanoni ba sa yi, kuma yana da littafi da yake rubuta komai, wa ya zo, me aka buga, ɗauka ta nawa ce ta fi. Abokinsa Francis Wolff yana gefe da kyamara. Mai ɗaukar sautin, Rudy Van Gelder, asalin sana'arsa gwajin ido da yanka tabarau, kuma har zuwa 1959 a falon iyayensa da ke Hackensack yake ɗauka. Ka ji fa, falon gida. Ba a ko da yaushe Lion yake gane mai kyau ba: da Silver ya kawo kiɗan The Preacher a 1955 sai da ya so ya hana, wai ya cika tsohon yayi. Silver ya kafe, kiɗan ya fito ya karɓu. Shi ma Silver bai yi sake da haƙƙinsa ba, ya buɗe kamfanin rajistar kiɗe-kiɗensa ya sa masa suna Ecaroh, wato Horace in an karanto shi daga baya.

Amfanin littafin Lion ya fito daga baya. A 1975, bayan kamfanin ya sauya hannu, wani mai bincike, Michael Cuscuna, ya samu shiga rumbun Blue Note, ya tarar da tarin tef da yawansu babu cikakken bayani a jiki. Rubuce-rubucen Lion ne suka taimaka aka gane wane ne wane, aka fito da faya-fayan da suka yi shekaru a kwance. Da Silver ya rasu ranar 18 ga Yunin 2014, aikinsa a jere yake, kowanne da ranarsa.

Yanzu mu dawo gida. Mu ma muna da tamu.

A'isha Musa Ahmad, wadda duk Sudan ta sani da A'isha Falatiya, a Kasala aka haife ta. Iyayenta daga ƙasar Sakkwato suka taso a hanyar Makka suka yada zango a nan, hanyar da mutanen Mai Wurno suka biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, da dubban da suka zo bayansu tsinkar auduga tun da aka buɗe aikin Jazira a 1925. Mahaifinta malami ne, a makarantar allonsa a Umdurman ta yi karatu, kuma bai so waƙar nan ba ko kaɗan. Wannan gardama har yau ba ta mutu a gidajenmu ba, ba kuma ita na zo warwarewa ba. Ta fara da waƙar biki, ta je Alƙahira aka ɗauki muryarta a faifan garmaho, faya-fayan suka zaga gidajen gahawa. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ta yi wa sojojin Sudan waƙa a sansanoninsu. A 1942 ta zama mace ta farko da ta rera waƙa a Rediyon Umdurman, gidan da aka buɗe a 1940, ƙanwarta Jidawiya tana kaɗa mata udu. Ta bar waƙoƙi fiye da 150, ta sha zuwa Najeriya, ta kuma yi waƙa da Hausa. Ta rasu a 1974.

Ku duba bambancin da kyau. Shi Silver sai da ya kai shekara 36 kafin ya yarda ya sa asalin ubansa a bangon faifai, kuma shi ya zaɓa. Ita A'isha ba a ba ta zaɓi ba, an liƙa mata asalin a jikin suna, Falatiya, kalmar da ake jifanmu da ita a kasuwa da layin takardar ɗan ƙasa. Ta ɗauke ta ta shiga da ita gidan rediyo, har ta zama sunan da ake faɗa da girmamawa. Amma na tambayi ajina na 'yan shekara 13 ko sun san ta, hannu biyu ne suka tashi, ɗaya ma cewa ya yi sunan unguwa ne.

Ku buɗe katin memori na kowace wayar da ke da waƙoƙinta. Za ku ga lamba ce a madadin suna, babu shekara, babu sunan wanda ya rubuta baitin, babu na makaɗa. An kwafa daga kaset, kaset daga rediyo, rediyo daga tef. Dalilin ba lalaci ba ne kawai. A da, a Sudan gidan rediyon gwamnati shi ne kusan komai: shi ke kiran mawaƙi, shi ke ɗauka, shi ke ajiye tef ɗin, kuma a al'ada ba a ba mawaƙi kwafi. Wato an tara ƙwai duka a kwando ɗaya, kwandon kuma yana Umdurman. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, ginin rediyo da talabijin yana cikin wuraren farko da dakarun Da'am Sari suka shiga, sojoji ba su karɓe shi ba sai a Maris na 2024. Wata 11 rumbun muryar ƙasa guda yana tsakiyar wuta. Mu da muka ga abin da ya sami Wad Madani daga Disamban 2023 zuwa Janairun 2025 ba ma bukatar a yi mana bayanin yadda takarda da tef suke ƙarewa a irin wannan hali. Kada kuma a ce mu kaɗai ne: a 2008 gobara ta cinye wani rumbun kamfanin Universal a Amurka da tarin tef na asali. Sai dai su sun riga sun baza kwafi a duniya, da sunaye a jiki.

Abin da ya tsira a wajenmu sau da yawa wanda ya fita daga kwandon ne. Kamal Keila, ɗaya daga masu jaz ɗin Hartum, ya samu ya riƙe tef biyu na ɗaukar da rediyo ya yi masa, ya ajiye a gida. Sun jiƙa, sun yi fumfuna, amma suka yi magana. Daga cikinsu kamfanin Habibi Funk na Jamus ya fitar da faifan Muslims and Christians a 2018, kafin rasuwarsa a 2021. Kamfanin ne kuma ya tattara waƙoƙin Sharhabil Ahmad a 2020, wanda ake kira sarkin jaz na Sudan, mutumin da tsofaffin malamai suka fi sani da zanen Ammak Tango a mujallar yara ta As-Sibyan. Jaz ɗin su Sharhabil ba irin na Silver ba ne, suna ne ya zo ɗaya, nasu ya fi kusa da kiɗan rawa na jita da ƙaho. Ina jin daɗin aikin, ina kuma jin ɗaci cewa sai baƙo ya zo daga Jamus ya rubuta mana ranakun.

Su waɗannan ma 'yan birni ne, sun ga ɗakin ɗauka. Waƙar tsinkar auduga a kambo fa? Waƙar niƙa, waƙar kai amarya irin ta Mai Wurno, begen da tsofaffi ke yi da Hausar da ko a Sakkwato an daina jin irinta? Waɗannan ba su taɓa shiga kwando ba balle su fito. Kuma yaƙin nan ya watsa tsofaffin, wasu Gadarif, wasu Kasala, wasu an binne su a hanya.

Van Gelder falo ya samu da na'ura ɗaya. Kowane ɗalibina gidansu akwai waya. Da aka koma karatu na ba su aikin gida: kowa ya ɗauko muryar wani tsoho a gidansu, da sharaɗi ɗaya, kafin a fara ya faɗi ranar, da garin, da sunan mai waƙa, da wanda ya koya masa. Goma sha ɗaya suka kawo. Uku babu abin da ake ji sai iska da kukan akuya. Wata yarinya ta kawo ta kakarta, waƙar auduga, rabi Hausa rabi Larabci, minti biyu da rabi. Tsohuwar ta ƙi a faɗi sunanta, wai matar malam ce, kada a ji ta a waya. Amma ta yarda a faɗi na wadda ta koya mata, wata gwaggonta da ta zo daga Haɗeja a ƙafa, ta kuma sa jikar ta maimaita ɗaukar saboda a ta farko ta tsallake baiti ɗaya.