Rance ga Ɗalibin da Ba Shi da Albashi: Nazarin Fiƙihu a kan Halin Ɗaliban Makarantar Lauyoyi ta Bagauda

Gabatarwa

A Bagauda, cikin Ƙaramar Hukumar Bebeji, akwai reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa bisa dokar 1962, ta kuma fara aiki a Legas a 1963. Wanda ya kammala digirin shari'a yakan shafe kimanin shekara guda a cikinta kafin a rantsar da shi lauya. Karatu ne na cikakken lokaci, kuma a tsakiyarsa akan tura ɗalibai kotuna da ofisoshin lauyoyi na makonni da dama domin koyon aiki, ba tare da albashi ba. Ga kuɗin makaranta, ga littattafai, ga tufafin da aka shardanta, ga abinci da kuɗin mota. Don haka da yawa sukan buƙaci rance. Wannan maƙala tana bayanin hukuncin irin wannan rance, tare da nuna cewa ginshiƙin mas'alar abu biyu ne: daga ina za a biya, kuma yaushe.

Halaccin karɓar rance

Karɓar rance halal ne, kuma ba ya cikin roƙon da aka zarga. Imamu Malik a Muwaɗɗa da Imamu Muslim sun ruwaito daga Abu Rafi'i cewa Manzon Allah (SAW) ya ranci ɗan raƙumi, ya biya da wanda ya fi shi. Bukhari kuma ya ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa ya sayi abinci bashi a wurin wani Bayahude, ya jinginar masa da sulkensa. Sai dai shari'a ta ɗaure halaccin da niyyar biya. Hadisin Abu Huraira a Bukhari ya nuna cewa wanda ya karɓi dukiyar mutane da nufin biya Allah zai taimake shi ya biya, wanda kuwa ya karɓa da nufin salwantar da ita Allah zai halaka shi. Daga nan malamai suka fahimci cewa bai kamata mutum ya ranci abin da ba ya tsammanin iya biya ba, sai idan ya bayyana wa mai ba shi haƙiƙanin halinsa. Ɗalibin da ya ce zai biya ƙarshen wata, alhali ya san babu abin da zai shigo hannunsa a ƙarshen watan, ya fara mu'amalar da yaudara.

Inda matsalar take

Mafi sauƙin rance a yau shi ne na manhajojin wayar hannu, masu ba da kuɗi cikin mintoci, su nemi a biya bayan mako ɗaya ko wata ɗaya da ƙari. Wannan ƙari riba ce, ko da an kira shi ladan hidima. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta karɓar kuɗin hidimar rance da sharaɗin kada ya wuce ainihin abin da aka kashe. Duk abin da ya haura haka riba ne. Tarar jinkiri kuwa ita ce ainihin ribar jahiliyya da ayoyin ƙarshen Suratul Baƙara suka rushe, wato a ƙara wa mutum lokaci, a ƙara masa bashi.

Bayan haramci, akwai rashin dacewa tsakanin wa'adin da halin mai karɓa. Kuɗin shiga na farko da galibin ɗaliban Bagauda za su gani shi ne alawus na hidimar ƙasa, wanda ya koma naira 77,000 a wata a 2025, kuma tsakaninsu da shi akwai jarrabawa, da jiran sakamako, da rantsarwa. Bashin kwana talatin a wuyan wanda samunsa ke bayan watanni masu yawa ba ya biyuwa sai da wani bashin. Cin mutuncin da wasu masu manhajojin suka riƙa yi, ta hanyar aika saƙonni ga 'yan'uwa da abokan wanda ake bi, shi ya sa hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta fitar musu da ƙa'idojin rajista a 2022. Rajista dai ba ta mayar da riba halal.

Wa'adi a mazhabar Malikiyya

A nan mazhabar Imamu Malik tana da sauƙi na musamman. Hanafiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya, a mashhurin zancensu, suna ganin mai ba da rance yana iya neman kuɗinsa duk lokacin da ya so, ko da an ambaci wa'adi. Malikiyya kuwa suna ganin wa'adin da aka shardanta ya lazimci mai bayarwa, ba shi da ikon nema kafin cikarsa. Saboda haka ɗalibi yana iya rantar kuɗi a wurin kawunsa ko wani ɗan kasuwar garinsu, su ƙayyade biya kashi-kashi daga wata sananne da ake tsammanin ya fara karɓar alawus, su rubuta, su kafa shaidu kamar yadda aya ta 282 ta Baƙara ta shiryar. Idan wa'adi ya cika yana cikin ƙunci na gaskiya, aya ta 280 ta wajabta a saurara masa har ya samu. Halal ne kuma a nemi jingina ko wanda zai tsaya masa, muddin mai lamunin bai karɓi lada ba.

Sharuɗɗa biyu sukan kuɓuce wa mutane. Na farko, Malikiyya sun hana wanda ake bi ya yi wa mai binsa kyauta kafin biya, sai idan dama sun saba ko wani sabon dalili ya taso. Kyautatawa lokacin biya ba tare da sharaɗi ba kuwa sunna ce. Na biyu, faɗuwar darajar naira ba ta halatta shardanta ƙari. Majalisar Fiƙihun ta yanke a Kuwait a 1988 cewa bashin kuɗi ana biyansa da kwatankwacinsa, ba a ɗaure shi da hawan farashi.

Hanyoyin da suka riga rance

Ɗalibin da neman ilimi mai amfani ya shagaltar da shi daga sana'a, kuma ba shi da mai ɗaukar nauyinsa, yana cikin matalautan da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata. Idan bashin halal ya yi masa katutu, ya shiga sahun mabarta. Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, kuma mawadatan unguwa suna da ikon ba shi zakkarsu.

Ga iyaye manoma na Tudun Wada da Doguwa da Kiru kuma akwai cinikin salam: uba ya karɓi kuɗin buhunan masara ko shinkafa yanzu, ya miƙa hatsin da kaka. Sharaɗinsa a biya kuɗin gaba ɗaya a farko, tare da rangwamen kwana uku a wurin Malikiyya. A bayyana nau'i da awo. Wa'adi kada ya gaza kimanin kwana goma sha biyar. Kuma kada a ɗaure cinikin da amfanin gona guda ayyananniya. Malikiyya sun yarda a sanya lokacin girbi ya zama wa'adi. Wannan ciniki ne halal, ko da yake danne manomi a farashi saboda ganin ƙuncinsa ya saɓa wa kyautatawar da addini ya yi umarni da ita.

Kammalawa

Da'awar larura ba ta tsayuwa matuƙar ɗaya daga waɗannan ƙofofi tana buɗe. Abin da ya kamaci ɗalibi shi ne ya lissafa buƙatar shekarar tun kafin ya tafi Bagauda, ya ranci gwargwadonta kawai, ya faɗi gaskiyar lokacin da zai iya biya. Abin da ya kamaci masallatai da ƙungiyoyin lauyoyi Musulmi kuma shi ne su kafa asusun rance marar ruwa mai dogon wa'adi, wanda abin da 'yan bana suka mayar zai ɗauki nauyin 'yan baɗi. Wanda gobe zai tsaya gaban alƙali yana kare haƙƙin jama'a bai dace ya fara aikinsa da riba a wuyansa ba. Allah ne Mafi sani.