Minti 80 a Ƙarƙashin Ruwa Ba Sa Mai da Mutum Gwanin Nutso

Da damina ta kankama, ramukan da aka haƙa a gefen Dutse don bulo da cikon titi sukan cika su zama kududdufai, kuma da wuya a kai kaka ba a ji ruwa ya ci ɗan wani ba. Duk sanda hakan ta faru, magana ɗaya ce ke tashi a majalisun unguwar Yalwawa da shafukan Facebook: me ya hana gwamnati ta sayo wa 'yan kwana-kwana kayan nutso na zamani, ta tura samari kwas na mako guda, su dawo da takarda? Masu wannan kira suna da hujja. Har yau ba a manta da hatsarin kwale-kwalen Bagwai na ranar 30 ga Nuwamba 2021 a madatsar Watari ta jihar Kano ba, inda aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Mu ma nan ga dam ɗin Warwade a bayan gari, ga kogin Haɗeja da ke tumbatsa kusan kowace shekara. Sai dai kafin a fitar da ko kwabo, ya kamata a san abin da takardar nan ke nufi.

Ƙungiyar da ta fi kowace bayar da ita a duniya ita ce PADI, wadda aka kafa a Amurka a 1966. A matakin farko, ɗalibi zai nuna yana iya ninƙayar mita 200 ba tsayawa, ya kuma zauna a saman ruwa minti 10 bai nutse ba. Sai karatu, sai darasi biyar a tafkin wanka ko wani ruwa mai kwanciya. Daga nan a fita ainihin teku ko tabki a yi nutso huɗu, a cikin kwana biyu aƙalla. Biyun farko ba a wuce zurfin mita 12, biyun ƙarshe ba a wuce mita 18. Kafin a lissafa nutso a matsayin cikakke, ƙa'idarsu ta ce mutum ya yi yawancin lokacinsa a zurfin mita 5 ko fiye, ya kuma kai minti 20 a ƙasa ko ya shaƙi lita 1,400 ta iska. A tara minti 20 sau huɗu: awa ɗaya da minti 20. Da wannan kaɗai mutum na iya dawowa gida da kati mai hotonsa.

Ko a ƙasashen da nutso ya zama wasan hutu, an daɗe ana ja-in-ja kan wannan lissafi. Ƙa'idar ta ajiye mafi ƙarancin abin da za a yi ne, amma makarantar da ke gaggawar sallamar wani rukuni don ta karɓi na gaba sai ta mai da mafi ƙarancin ya zama shi ne duka. Kuma ko mintunan 20 ɗin ba duka ne na ɗalibi ba. An yarda malami ɗaya ya shiga da ɗalibai har takwas. Sai ka ga an jera su a durƙushe kan yashi, malam na bin su ɗaya bayan ɗaya: wannan ya cire gilashin fuska ya mayar ya fitar da ruwan da ya shiga, wancan ya saki bututun numfashi ya lalubo shi, na gaba ya yi alamar iskarsa ta ƙare ya karɓi ta abokinsa. Kowa ya samu minti biyu ko uku, sauran lokacin kallo ne da jira. Abin da ya fi wuya, wato mutum ya tsaya a tsakiyar ruwa bai yi sama ba bai faɗa ƙasa ba, yana sarrafa kansa da numfashi, shi ne ke samun ragowar lokaci. Malamai na kirki sukan rage ɗalibai, su bar nutso ya kai minti 40 ko fiye in iska ta isa. Amma katin da ɗalibinsu zai karɓa iri ɗaya ne da na wanda aka yi wa sha-yanzu-magani-yanzu.

Akwai kuma wani kuskure da har a rahotannin jarida ake maimaita shi, wai mai nutso na goye da tukunyar oksijin. Iskar da muke shaƙa ce zalla aka matse a ciki, kashi 21 oksijin, kusan duk sauran naitirojin. Tsantsar oksijin guba ce in an wuce zurfin mita 6, tana sa mutum ya yi farfaɗiya a cikin ruwa. Ina nanata wannan ne saboda a garin da ba injin cika tukunyar nutso, wata rana wani zai ce a kai ta wajen masu walda ko asibiti a ɗura mata. Wanda ya ba da wannan shawara ya yanke wa mai nutson likkafani.

Babban haɗarin kuwa matsin ruwa ne. Duk mita 10 da mutum ya sauka, nauyin da ke danne shi na ƙaruwa da kwatankwacin na iskar sararin sama gaba ɗaya. A ɗauki balan-balan ɗin da yara ke hurawa da salla, a hura ta a zurfin mita 10 a ɗaure bakinta, a sake ta. Kafin ta iso sama ta ninka girmanta, in ba ta fashe a hanya ba. Huhun wanda ya shaƙi iskar tukunya a ƙasa, ya firgita, ya riƙe numfashi ya yunƙuro sama, haka yake. Ba sai an kai mita 10 ba ma, zurfin da bai wuce tsayin mutum ba na iya yin ɓarnar. A nan ne gwanin ninƙaya na gargajiya ya fi kowa shiga haɗari, domin tun yana yaro jikinsa ya saba da ƙa'ida guda: riƙe numfashi har ka fito. Ita ce ta raya shi a kogi, domin iskar da ya shiga da ita daga sama ya ɗauko ta. Da tukunya a bayansa, ita ce za ta kashe shi. Sabon da aka yi shekara ashirin ana ginawa ba a kankare shi a minti 80.

Naitirojin ma da nasa sharrin. Yana narkewa a jini in an daɗe a zurfi, in aka hau da sauri ya zama kumfa a gaɓoɓi da laka. Shi ya sa ake koya wa ɗalibi kada ya wuce mita 18 a minti ɗaya wajen hawa, ya kuma dakata minti 3 a zurfin mita 5. Wanda ya tuna Harrison Okene, kukun jirgin Jascon-4 da ya kife a gaɓar Neja Delta a watan Mayun 2013, zai tuna cewa bayan ya yi kusan awa 60 a raye a zurfin mita 30, ba a fito da shi kai tsaye ba. Sai da ya ƙara wasu kwanaki a ɗakin rage matsi. Irin wannan ɗaki masu aikin mai a teku ne ke ajiye shi, kuma tsakanin Dutse da bakin teku a Legas akwai fiye da kilomita 1,000.

Sannan ita kanta takardar ba ta yi alkawarin abin da muke ɗora mata ba. Izini ce ta yin nutson shaƙatawa tare da aboki, a ruwa irin wanda aka koya a ciki ko wanda ya fi shi sauƙi. Wanda ya koya a Bahar Maliya, a Jidda ko Sharm el-Sheikh, yana hango kifi daga nisan mita 20. A kududdufinmu na watan Agusta ba zai ga tafin hannunsa ba. Ƙasa taɓo ne, ga ƙarafa da ledoji da rassan itace, a kogi kuma ga tsohon taru da ƙugiyoyin masunta, ga kacala a yankin Haɗeja. Nema a irin wannan ruwa sana'a ce daban: ana ɗaure mai nutso da igiya, mutum guda na riƙe da ita a gaɓa suna magana da ja da saki, wani kuma na zaune cikin shiri don ya bi shi in ya maƙale. Ko ƙwararru ruwa bai bar su ba. A watan Oktoban 2018, masu nutso shida na hukumar kwana-kwana ta Malesiya suka mutu tare a wani tsohon ramin haƙar ma'adinai a Puchong, garin neman yaro ɗaya. A tsarin PADI ɗin ma, sai mutum ya yi nutso 60 ake ba shi matsayin jagora, sai 100 ya zama malami.

Gaskiyar da ba ma son ji ita ce, ƙwaƙwalwa na fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba numfashi. Kafin a buga waya, mota ta taso, mutum ya saka kaya, aikin ya zama na neman gawa. Wannan ma aiki ne mai daraja, iyaye na da haƙƙin su yi wa ɗansu sutura. Amma ceto a gaɓa ake yin sa, a mintunan farko, da igiya ko doguwar gora ko jarka da aka jefa, da wanda ya iya danna ƙirji da hura numfashi. Jami'anmu sun fi son kayan da za a jera a ɗauki hoto ranar ƙaddamarwa, mu kuma mun fi son ɗora laifi a kan aljanun ruwa fiye da tsawata wa yaro.

In gwamnatin Jigawa za ta kafa rundunar nutso, to ta kafa ta gaske: ta ɗebo daga cikin masunta da mutanen sarakunan ruwa da suka san kogunanmu, a horar da su watanni, a Warwade da kogin Haɗeja, a rubuta kowane nutso da zurfinsa da mintunansa. Duk wanda ya zo da kati, a tambaye shi littafin nutsonsa kafin a ba shi tukunya. Kafin nan, a cike ramukan da ke cikin unguwanni ko a kewaye su, a kuma hana kwale-kwale tashi sai kowane fasinja ya saka rigar ruwa.