Na'urar Yanke Ciyawa Mai Batir: Abin da Ya Kamata Mai Saye Ya Sani

Da zarar damina ta kankama a Kano, musamman cikin watan Agusta, sai ciyawa ta mamaye gindin katangu da bakin magudanan ruwa a unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Challawa da Bompai. Ba muni kaɗai take jawo wa wuri ba. Da damina takan zama maɓoyar macizai da sauro, idan kuma hunturu ya busar da ita, guntun taba sigari ɗaya ya isa ya kai wuta har cikin sito. Shekaru da yawa lauje da adda aka dogara da su, daga baya injin fetur ya shigo. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuwa, hankalin masu kula da harabar ma'aikatu da masu lambun gida ya fara karkata ga na'ura mai aiki da batir.

Yadda zare ke yanka

Wani Ba'amurke mai suna George Ballas, mutumin birnin Houston, shi ya ƙago wannan na'ura a farkon shekarun 1970. Ba ta da wuƙa. Zaren roba ne ke fitowa daga wani kai mai juyawa, kuma tsananin gudu ne ke miƙar da zaren ya yi tauri. Alal misali, idan faɗin yankan santimita 30 ne, kan kuma yana juyawa sau 7,000 cikin minti ɗaya, to bakin zaren yana gudun kusan kilomita 400 a awa guda. Da wannan gudun ne yake tsinke ciyawa, da shi ne kuma yake cilla tsakuwa, don haka tabarau da takalmi mai rufi wajibi ne ga ma'aikaci.

Batir shi ne zuciyar na'urar

Batirin lithium-ion, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, shi ya sa irin wannan na'ura ta zama abin amfani. Akasarin masu saye lambar da ke gaban harafin V kawai suke dubawa, alhali ita kaɗai ba ta faɗin tsawon lokacin aiki. Abin da ya dace shi ne a ninka ta da lambar da ke gaban Ah, abin da ya fita shi ne yawan makamashin da batirin ke ɗauke da shi, wanda ake rubutawa da Wh. Batir mai 18V da 4Ah yana da 72Wh. Mai 36V da 2Ah shi ma 72Wh ne, ba ƙari. Idan injin yana jan wat 200, wannan batir zai yi aikin minti 20 da 'yan kai ne kawai. Hasali ma, batirin da aka rubuta wa 20V da wanda aka rubuta wa 18V galibi abu ɗaya ne: ƙwayoyi biyar ne a jere, wani kamfani ya auna su suna cike, wani ya ɗauki matsakaicin ƙarfinsu.

Wannan lissafi ya nuna cewa ƙaramin lambun gida batir ɗaya ya wadatar da shi, amma doguwar katangar masana'anta tana bukatar biyu ko uku, ana aiki da ɗaya ana cajin wani. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, farantin hasken rana yana iya ɗaukar nauyin cajin, domin makamashin da ake bukata kaɗan ne.

Zafi da ƙura

Babban abokin gabar batirin lithium shi ne zafi, ga shi kuwa a watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40. Bai kamata a yi cajin batir ba idan zafinsa ya wuce digiri 45, don haka wanda aka cire daga aiki sai a bar shi ya huce a inuwa tukuna. Ajiye shi a ɗakin kwano ko cikin mota da tsakar rana yana rage masa kwana. Idan rani ya shigo aikin ya tsaya, a ajiye shi da kimanin rabin caji. Ƙurar hunturu kuma tana toshe kafofin shan iskar injin, sai a riƙa kakkaɓe su. Caja ta jabu kuwa tana iya haddasa gobarar da ake gudu tun farko.

Irin ciyawar da ke wurin

Siririn zare mai kaurin milimita 1.6 ya ishi ciyawa mai laushi irin su kiri-kiri da harƙiya. Ƙarangiya da tofa suna son zare mai milimita 2 zuwa 2.4 da inji mai ƙarfi. Gamba da tafasar da suka riƙa kuwa sun fi ƙarfin zare, sai na'ura mai wuƙar ƙarfe ko kuma adda. Bugu da ƙari, zare dagargaza ciyawa yake yi, ba ta ɗauruwa dami. Wanda ke son ciyawarsa domin tumaki, lauje ya fi masa.

Kafin a biya kuɗi, mai saye ya tambayi ɗan kasuwa ko ana samun batirin canji da zare a Kano, domin duk batir yana da iyakar yawan cajin da zai ɗauka kafin ya gaji. Na'urar da ba a samun batirinta, komai arharta, ranar da batirin ya mutu ta zama kayan gwangwan.