Ɗan da ke digirin dokta a Faransa: shin ana cire masa lanho a kuɗin karatunsa?

Jama'a ƴan kasuwa, musamman iyayenmu mata, wannan magana taku ce. Akwai cikinku waɗanda da ribar kilishi, albasa ko atamfa suka ɗauki nauyin yaro har ya kai digiri na biyu ko na dokta a Faransa. Sai a ji ana ba shi kuɗi kowane wata, a ɗauka ya zama mai hali. To a dakata tukuna, domin can ma hukumar lanho ba ta barci.

A dokar Faransa kuɗin ɗalibi ba iri ɗaya ba ne. Tallafin da ake ba shi saboda rashin ƙarfin iyayensa, wanda ɗalibai ke kira burs, ba a taɓa shi. Amma kuɗin da aka ba shi don ya yi wani bincike takamaimai, wannan ana ɗaukarsa kamar albashi. Haka kwantaragin dokta take, wadda aka ƙirƙiro a shekarar 2009: aiki ne na shekara 3, kuma ana biyan lanho a kansa. A 2025 mafi ƙarancin albashin euro 2200 ne a wata, wato kusan sefa miliyan 1 da jika 443. Kuɗi ne masu daɗin ji daga Maraɗi! Sai dai kafin su shigo hannu an zare kuɗin asibiti da na fansho, ga hayar ɗaki, ga tsadar abinci. Tun watan Janairu 2019 kuma, lanhon ma daga albashi ake yanke shi.

Sauƙi dai akwai. Ana rage kashi 10 cikin 100 na albashin a matsayin ɗawainiyar aiki kafin a yi lissafi, kuma a kuɗin da aka samu a 2024, euro 11.497 na farko babu lanho a kansu.

Inda muke so ku buɗe kunne shi ne nan. Dokar ƙasar ta ɗora wa ɗa ciyar da iyayensa idan suna cikin buƙata. Don haka abin da ya aiko wa mahaifiyarsa ko mahaifinsa, har da kakanni, yana iya cire shi daga kuɗin da za a lissafa masa lanho, ko da a Tawa ko Damagaram suke zaune. Sharaɗin shi ne ya nuna da gaske suna da buƙata, ya kuma nuna shaidar aiken. Ƙane, ƙanwa, kawu da gwaggo ba su cikin wannan rangwame, duk da a wurinmu gida ɗaya ne.

Saboda haka, Hajiya, idan ɗanki zai aiko miki, ya aiko da sunanki, ba da sunan yaron shago ko maƙwabci ba don gudun layi. Kuɗin da aka damƙa wa matafiyi hannu da hannu ba su bar wata shaida. Takardar karɓar kuɗin kuma kar a ƙunsa gyaɗa da ita. A adana ta yadda kuke adana takardar patanti, domin tsakanin Afrilu da Yuni na kowace shekara ne ɗan naki ke bayyana wa hukuma abin da ya samu, kuma ana iya neman ya kawo ta.