Ciwon haƙori bayan an gyara shi

Tsarnawa gari ne na bakin babbar hanya. A nan hanyar Tawa take rabuwa da wadda ta fito daga Birnin Ƙwanni ta nufi Malbaza da Galmi. Motoci suna tsayawa, masu talla suna kawo rake da alewa da biskit da shayi mai sukari. Yara suna son waɗannan abubuwa, amma yawan zaƙi yana ɓata haƙora. A shekarar 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin mutanen duniya suna fama da ciwon baki ko na haƙori.

Yaya haƙori yake?

Ƙaramin yaro yana da haƙoran nono 20. Babban mutum yana da haƙora 32. Wajen shekara 6, turmin farko na dindindin yake fitowa can ƙurya. In wannan ya lalace, wani ba ya tsirowa a gurbinsa.

Haƙori yana da kai, wanda ake gani, da saiwa, wadda take cikin ƙashin muƙamuƙi. Farin ɓawon da ya rufe shi ya fi kowane abu tauri a jikin mutum. A can tsakiya akwai wani ɗan nama mai laushi, mai jijiya da hanyoyin jini.

Mutane da yawa suna cewa tsutsa ce take cin haƙori. Ba tsutsa ba ce. Waɗansu ƙwayoyin cuta ne, waɗanda ido ba ya gani. Suna cin sukarin da ya maƙale a baki, suna fitar da wani ruwa mai tsami. Tsamin nan shi yake huda haƙori har ya yi kogo. In kogon ya kai ga jijiya, sai ciwo ya hana barci.

Me likitan haƙori yake yi?

Ba kullum ake cire haƙori ba. Wani lokaci likita yana iya ceton sa. Da farko yana yin allurar kashe zafi a dasashi. Sa'an nan ya huda haƙorin, ya fitar da ruɓaɓɓen naman da jijiyar, ya wanke ƴan hanyoyin da suke cikin saiwa. Daga nan ya cika su da wani irin ƙaro, ya toshe bakin ramin. Wani sa'i sai an je sau biyu ko uku kafin aikin ya ƙare.

Ba kowane gidan likita ke da kayan wannan aiki ba. Ma'aikacin lafiya na gari shi yake gaya wa iyaye inda ya kamata su kai yaro. Akwai manyan asibitoci a Ƙwanni da Tawa da Yamai, da kuma na Galmi, wanda aka buɗe a 1950.

Don me ciwo bai ƙare nan take ba?

An cire jijiyar, amma naman da yake kewaye da saiwa yana nan da rai. Cuta ta riga ta taɓa shi, kayan aiki kuma sun motsa shi. Shi ya sa haƙori yake ɗan zafi in an taune abu. Muƙamuƙi ma yakan gaji saboda daɗewa da baki a buɗe. Wannan zafi yana raguwa kowace rana, yawanci ya wuce cikin ƴan kwanaki.

Me ya kamata a yi a gida?

Kada yaro ya ci abinci sai allura ta sake shi. In leɓe yana nan a mace, yana iya cizon harshe ko kumatu bai sani ba.

A ba shi abinci mai laushi: kunu, koko, fura, tuwo da miyar kuka. Ya tauna ta ɗaya gefen. Ya bar rake, aya, goro, ƙashi da kilishi sai aikin ya ƙare, don haƙorin yana iya tsagewa.

A zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin kofin ruwan ɗumi. Ya kurkure baki a hankali, ya zubar.

A sha maganin da likita ya rubuta, yadda ya rubuta. Farasitamol yana rage zafi, amma ana auna shi da nauyin yaro, kuma ba a wuce sau 4 a yini. In ya yi yawa yana ɓata hanta. Ba a ba yaro asfirin in bai kai shekara 16 ba.

Kada a ɗora ƙwayar magani a kan dasashi, tana ƙona shi. Kada a sa ruwan batir, ko fetur, ko garin taba. Kada a sayi ƙwaya wajen masu yawo da magani a tire cikin rana.

A ci gaba da goge baki safe da dare, da buroshi da man goge baki ko da asuwaki, amma a hankali.

Yaushe za a koma wajen likita?

Daga Tsarnawa zuwa Tawa ya fi kilomita 100, kuɗin mota kuma ba ƙaramin abu ba ne. Saboda haka waɗansu iyaye sukan ce a jira. Amma akwai alamun da ba a jira da su:

– in zafi yana ƙaruwa bayan kwana 3;
– in kunci ko dasashi ya kumbura;
– in zazzaɓi ya zo, ko mugunya tana fita;
– in abin da aka toshe ramin da shi ya faɗi.

In kumburi ya kai ido ko wuya, ko yaro ya kasa haɗiya ko numfashi, a kai shi asibiti nan da nan, ko da tsakar dare ne. Cutar haƙori tana iya bazuwa cikin jiki har ta yi kisa.

Ko da ciwo ya wuce, a koma ranar da likita ya sa. Haƙorin da aka gama gyarawa da kyau yana iya yin shekaru masu yawa yana aiki.

Tambayoyi

1. Haƙora nawa babban mutum yake da su?
2. Me yake huda haƙori?
3. Wane abinci ya dace da yaron da aka gyara wa haƙori?
4. Waɗanne alamu suke sa a koma wajen likita?